Dan Allah hazon nan ne ke sa wa yarona tarin dare ko sanyi ne kawai?

Maman Sadiq, Kano

Slm jama'a barkanmu da sanyi. Dan Allah masu sani ku taimaka min da bayani. Yarona shekararsa huɗu, duk shekara da zarar hunturu ya shigo hazo ya rufe gari shikenan mun shiga uku, da rana lafiyarsa lau yana ta guje-guje da yaran maƙota amma da dare ya yi wajen ƙarfe biyu zuwa asuba sai tari, busasshen tari ba kaki ba komai, wani lokaci har ina jin ƙirjinsa yana wani fito siriri kamar kukan ɗan mage. Satin nan kwana uku ba mu ga rana sosai ba, na goge saman talabijin da safe kafin la'asar za ka iya rubuta sunanka a kai, to a kwanakin nan ne abin ya fi tsanani. Na sayi maganin tari a kemis kwalba biyu ba wani canji. Kakarsa ta ce sanyi ne ya shige shi, a daina masa wankan yamma a dinga sa masa kaskon gawayi a ɗaki. Babansa kuma cewa yake ƙura ce kowa ma yana shaƙa zai saba. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wai da gaske ƙurar nan tana yi wa mutum illa a ciki ne ko iyakarta kaushi da fason ƙafa?

Abu Hanif

Hajiya ki kwantar da hankalinki. Mu da muka taso a ƙauye cikin hazon nan muke tafiya makaranta ba takalmi, leɓe a fashe ƙafa furu-furu, ga mu nan har mun yi furfura. Yaran yanzu ne ba ƙwari, an saba musu da fanka da esi. Ki ba shi zuma da citta da ɗan lemun tsami, in an sha ruwan farko zai wuce insha Allah.

Anti Nas

Wa alaikumus salam Maman Sadiq, Allah ya ba yaro lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɓangaren yara, kuma abin da kika lissafa, tarin dare, fito a ƙirji, yana dawowa duk lokacin hazo, ya yi kama da asma ƙwarai. Ban ce ita ce ba fa tunda ban ga yaro ba, amma ki kai shi likita ya sa abin sauraro a ƙirjinsa, kuma in da hali ki ɗauki sautin numfashin nasa a waya da daddare lokacin da yake yi, don sau da yawa uwa ta kawo yaro da safe ƙirji tas, likita ya rasa abin kamawa.

Malam Abu Hanif ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka. Ku da kuka rayu ku ne kuke ba da labari, waɗanda tari da nimoniya suka ɗauke a wancan lokacin ba sa nan balle su yi magana. Ka tambayi iyaye mata na da yara nawa suka binne a sanyi.

Ƙurar nan kala-kala ce. Akwai mai gwaɓi wadda kike ji a haƙori kina taunawa garas-garas, ita wannan da sauƙi, gashin hanci da majina suna tare mafi yawanta, shi ya sa in kika fyace hanci da yamma sai ki ga abin ya fito ja-ja ko baƙi. Mugunyar ita ce wadda ido ba ya gani. Ana kiranta PM2.5, ƙanƙantarta ta kai a jera wajen talatin kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Ita ba ruwanta da gashin hanci, wucewa take har can ƙasan huhu inda iska ke haɗuwa da jini, ta zauna, jiki ya ɗauke ta a matsayin baƙuwar abu ya fara faɗa da ita, hanyoyin iska su kumbura su tsuke su cika da majina. Babba mai lafiya zai ji maƙogwaro na ƙaiƙayi ya yi ɗan tari ya wuce. Yaro kuwa hanyoyin iskarsa dama ƙanana ne, ga shi yana numfashi da sauri fiye da babba, ga shi gajere yana kusa da ƙasa inda ƙura ta fi yawa, ɗan kumburi kaɗan sai ki ji wannan fiton.

Maganar kaskon gawayi kuwa, dan girman Allah a'a. Ki lallaɓa Kaka da girmamawa amma kar a sa. Ɗaki a rufe, an toshe taga da tsumma saboda sanyi, ga gawayi yana ci, hayaƙin kansa ƙura ce ta biyu a kan ta waje, sannan akwai wata iska mai guba da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi. Kusan duk hunturu sai an ji labarin gida guda an wayi gari ba su tashi ba. Bargo da rigar sanyi da safa sun wadatar. Turaren wuta ma da maganin sauro na kunnawa ki janye su daga ɗakin da yake kwana, na san mu mata da turaren wuta sai Allah amma haƙuri za a yi na ɗan lokaci.

Sannan ki riƙe wannan, in kika ga ɗaya daga ciki kar ki jira gari ya waye: yana kwance shiru ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif, a shekarunsa in ya kai 40 ko ya wuce to ya yi sauri, ko ki ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki in ya ja iska, ko ya kasa gama magana sai ya tsaya ya numfasa, ko leɓensa ya canza launi, ko ya kasa shan ruwa. Wannan asibiti ne kai tsaye ko ƙarfe nawa ne.

Maman Sadiq, Kano

Innalillahi, wlh Anti jiya ma da kaskon muka kwana. Na gode Allah ya saka. Amma in asma ce ai inhela za su ba shi ko? Ni ita nake tsoro, ance in yaro ya fara shikenan ya saba har abada.

Anti Nas

Wannan maganar ta cuci yara da yawa. Inhela ba ta kama mutum kamar sigari, ciwon ne dama yana nan, ita tana buɗe hanya ne kawai. Kuma maganin da ke cikin feshi ɗaya bai kai na sirop da kike ɗura masa yawa ba, don shi kai tsaye yake zuwa huhu ba sai ya zaga ciki ba. Yara ƙanana ana haɗa musu da wata roba mai kamar gwangwani su dinga shaƙa ta ciki, ki ce a nuna miki yadda ake yi. Yara da yawa ma suna samun sauƙi sosai in sun girma. Abin da na fi tsoro shi ne kwalabe na kemis da kafso da ake ba yara barkatai ba a san me ake magani ba.

Malam Jogurafi

Bari in sa baki ta ɓangarena tunda abin da nake koyarwa kenan a sakandare. Mutane da yawa sun ɗauka hazon nan ƙurar titinmu ce ko ta gonakinmu iska ke ɗagawa. Akwai wannan, amma uwar tafiyar daga nesa take. A arewacin Chadi akwai wani ƙaton kwari ana ce masa Bodele, kusa da yankin garin Faya. Dubban shekaru da suka wuce wurin ƙasan tafki ne, lokacin da Tafkin Chadi yake wani makeken teku ba wannan da ya rage yanzu ba. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin alli, kuma yawancinta ɓawon wasu mitsi-mitsin halittun ruwa ne da suka mutu suka taru a ƙasa. To ga duwatsun Tibesti a gefe ɗaya ga na Ennedi a ɗaya gefen, iskar arewa maso gabas in ta taso sai ta matso ta tsakaninsu kamar an hura mazurari, ta faɗa kan wannan garin allin da ƙarfi. Kusan kwana 100 a shekara wurin nan yana tayar da ƙura, masana suna lissafa shi a matsayin wuri guda da ya fi ko'ina a duniya fitar da ita. Shi ya sa in kun lura hazon hunturu fari-fari ne ko toka-toka, ba ja ba ne kamar ƙasarmu.

In ta tashi a can, kwana ɗaya zuwa biyu ta iso mu, manyan ƙwayoyin sun zube a hanya, masu laushin ne suke ƙarasowa Kano da Katsina da Maiduguri, wato daidai waɗanda Anti Nas ta ce sun fi illa. Wata ma tana haye tekun Atlantika gaba ɗaya ta sauka a dajin Amazon ta zama taki, a watan Yunin 2020 wata gagarumar ƙurar Sahara ta isa tsibiran Karebiyan har kudancin ƙasar Amurka, can suka yi ta gargaɗin masu asma su zauna a gida. Su da saura ya isa gare su kenan fa, mu da muke bakin tukunya sai dai mu ce sanyi ya sauko.

Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta ce bai kamata wannan ƙura mai laushi ta wuce maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska a tsawon yini ba. Ranar da hazo ya yi kauri har jirgi ya kasa sauka a filin Malam Aminu Kano mun ninka wannan sau da yawa. Kuma akwai binciken da masana na Jami'ar Stanford suka fitar a 2020, sun haɗa bayanan haihuwa na ƙasashen Afirka da hotunan tauraron ɗan'adam na ƙurar Bodele, suka ga shekarun da ƙurar ta ƙaru mutuwar jarirai ƴan ƙasa da shekara ɗaya ma tana ƙaruwa. Don haka Malam Abu Hanif ba lalacin yaran zamani ba ne.

Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da gargaɗin hazo kafin ya iso, ana sawa a rediyo da Facebook, matsalar dai mun ɗauka na matuƙa jirgi ne kawai.

Direban Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa na Najeriya. Ni ɗan Tawa ne, shekara goma sha ina jan babbar mota hanyar Agadas. Ku abin da kuke gani can hazo ne, mai sauka sannu-sannu. Mu nan muna da wata ta daban, wadda ka zuwa gabanin damina, wajen watan biyar zuwa na shida, ka hangi gabas ta yi ja jawur kamar an gina katanga daga ƙasa har sama tana tahowa. Wadda ta rufe Yamai a watan Mayu 2020 duk kun ga hotonta a waya, tsakar rana gari ya koma kamar an zuba manja sannan duhu. To irin ta sau nawa tana riske mu bisa hanya. Tsayawa kake ka kashe mota ka rufe gilas, amma duk da haka sai ka ji yashi cikin kunne, cikin tuwon da kake ci, ido ya yi ja kwana biyu yana ruwa. Wani yaron motana ya taɓa murza ido da ƙarfi yashi na ciki, sai da munka kai shi likita, ance ya kankare baƙin idon, sati guda da filasta. Tun ran nan doka ce a motata, ba a murza ido, ruwa mai tsabta ake zubawa har shi fita.

Abin da ni ka son in ce, ku dubi Buzaye. Rawanin nan da suke naɗawa su ja amawali su rufe hanci da baki ba ado ba ne kawai, mutanen da sunka zauna cikin rairayi shekaru aru-aru sun san abin da suke yi. Ni kaina da na raina, sai da na yi shekara biyu ina tari kullum asuba ina fidda kaki mai ƙasa-ƙasa sannan na sayi nawa. Ƴan acaɓa da masu adaidaita da ke yini kan titi baki buɗe su nike tausayi.

Anti Nas

Gaskiya ne Malam Direba, rawani ninki-ninki yana tare masu gwaɓin sosai. Masu laushin dai suna ratsa ƙyalle, wanda ya fi tare su shi ne takunkumin N95 in ya zauna daram a fuska ba ɓaraka ta gefen hanci. Takunkumin nan mai ruwan bula na zamanin korona da dama-dama ne kawai. Amma jariri da yaro ƙasa da shekara biyu ba a sa masa takunkumi, kuma masu goyo a daina lulluɓe jariri ruf da bargo mai kauri har fuska wai ana kare shi.

Tunda zancen ya faɗaɗa bari in taɓo wanda ya fi ba ni tsoro, sanƙarau. Mu a nan mun ɗauka zafi ne ke kawo shi, shi ya sa ake cewa a daina cunkusuwa a ɗaki in bazara ta yi. Cunkoson gaskiya ne, amma ƙwayar cuta ce, kuma mutane da yawa suna yawo da ita a maƙogwaro lafiyarsu ƙalau ba su sani ba. Abin da masana suka lura shi ne watannin bushewa da ƙura suna gurje fatar cikin hanci da maƙogwaro, kun san yadda hanci ke bushewa ya yi ɓawo har yaro ya yi haɓo, to ta irin wannan raunin ƙwayar ke samun ƙofa ta shiga jini ta haura ƙwaƙwalwa. Shi ya sa annobar take farawa cikin hunturu ta yi ƙamari wajen Fabrairu zuwa Afrilu, ruwan sama na sauka ƙura ta kwanta sai ta ja da baya. Yankin da take yi ɗin ma, daga Senegal har Habasha, shi ne dai yankin da hazon nan ke bi, mu da Nijar muna tsakiyarsa.

Waɗanda suka yi wayo a 1996 ba za su manta ba, a Najeriya kaɗai sama da mutum 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu, yawanci a arewa. Nau'in A ne ya yi wannan ɓarnar, kuma tun da aka fara rigakafin MenAfriVac a 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, mu ya iso mu 2011, kusan an daina ganinsa. Sai nau'in C ya taso, shi ne ya yi Nijar a 2015 ya yi Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2024 Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar a haɗe. Don haka in masu rigakafi sun zo unguwa a fito da yara. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya da ciwon kai da amai da wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ko jariri maɗigarsa ta kumburo yana kuka ba ƙaƙƙautawa, wannan ciwon a yini ɗaya yake kisa, ba na jiƙe-jiƙe ba ne.

Abu Hanif

To na ji, na sha faɗa hhh. Amma zumar fa Anti, ita ma laifi ce? Kuma maganar 96 kin taɓo min inda ke ciwo, ƙanina a shekarar ya kurmance har yau.

Anti Nas

Allah sarki, Allah ya ƙara masa lafiya, kurumta na cikin abin da yake bari ga waɗanda suka tashi. Zuma ba laifi Malam, tana lafar da tarin mura ga yaron da ya wuce shekara ɗaya, ƙasa da haka ba a ba shi. Tsukewar ƙirji ce dai ba ta buɗewa.

Ummu Khairat, Gusau

Maman Sadiq ni ƴata sikila gare ta ga kuma asma, hunturu a gidanmu kamar shirin yaƙi ne, bari in gaya miki abin da nake yi ko zai miki amfani. Na farko na daina shara da busasshiyar tsintsiya a ɗaki kwata-kwata, tayar da ita kawai kike ta koma kan gado, tsumma nake jiƙawa in goge ƙasa da kan kaya, tsakar gida kuma sai na yayyafa ruwa kafin a share kuma tana makaranta ake yi. Kafet ɗin falo na naɗe shi na ajiye sai damina, ranar da na ɗaga shi abin da na gani a ƙarƙashi ya isa a shuka gyaɗa. Taga ina rataya tsohon zani mai ɗan danshi a jikin ragar, da yamma ki ga ya koma kalar ƙasa. Ruwa kuma dole nake mata ta sha don a sanyi yara ba sa jin ƙishi alhali iskar tana tsotse su, ga mai sikila kuwa rashin ruwa da sanyi su ne ke tayar da ciwon ƙashi. Man kaɗanya a jiki da leɓe, ɗan basilin kaɗan a bakin hanci saboda haɓo. Ranar da na leƙa da safe na kasa hango hasumiyar masallacin unguwarmu to ranar ba wasan waje, in ya yi muni ma makarantar haƙura muke, malamarsu ta sani.

Surukar taki kuma kar ki ce mata wai a intanet aka ce, ki ce likita ne ya hana, ko ki tafi da ita asibitin ta ji da kunnenta, ni haka na yi da tawa yanzu ita ke min faɗa in na kunna turare.

Maman Sadiq, Kano

Jama'a na dawo. Mun je yau da safe har da Kaka kamar yadda Ummu Khairat ta ce. Na kunna wa likita sautin da na ɗauka jiya ƙarfe uku, ya saurara sau biyu ya auna ƙirjinsa ya ce alamun asma ne amma ba mai tsanani ba, ya rubuta shuɗiyar inhela da robar nan, ya ce mu dawo bayan sati biyu in yana yawan buƙatarta akwai wata ta kullum da za a ƙara. Kaka ta tambaye shi maganar kasko da bakinta, bai bari ta rufe baki ba ya ce a fitar da shi. A mota ba ta ce min uffan ba amma muna isowa da kanta ta ɗauke shi ta kai kicin. Babansa ne har yanzu yake cewa kuɗin robar ya yi yawa. Anti Nas wai ita robar da me ake wanke ta, kuma sau nawa?

Anti Nas

Alhamdulillah. Ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke na ruwa, kamar sau ɗaya a wata ko yadda takardar cikin kwalin ta ce, kar ki goge cikinta da tsumma ki bar ta ta bushe da kanta, amma a cikin ɗaki ki kife ta fa ba a tsakar gida ba.